Yadda za ka samo wa shafinka masauki mai sauƙin kuɗi idan ɗakin da yake ciki ya yi masa kaɗan

Ana saura kwana tara babbar sallah yayana ya kira ni daga shagonsa da ke Agege, muryarsa a sama. Shadda yake sayarwa da huluna da turare, kuma shekara uku ke nan da na buɗe masa shafin intanet inda masu saye ke ganin kaya su yi oda, wasu daga nan Legas, wasu daga Ibadan da Fatakwal, har da 'yan uwanmu mazauna Ingila. Ya ce, "Kai, wane irin abu ne wannan? Mutum huɗu sun kira ni tun safe, kowa sai ya ce shafin ba ya buɗewa." Na ce, "Yaya, yi haƙuri, bari in duba." Da na buɗe, ba shadda ba hula, sai farin allo da lamba 508. Ma'anar lambar ita ce shafin ya cinye rabon ƙarfin da kamfanin da ke ajiye mana shafin ya yanka masa, an tsayar da shi sai cunkoson ya ragu. Na yi wa kamfanin magana, suka ce mafita ɗaya ce, mu hau tsari na gaba, wanda kuɗinsa ya ninka na da sau uku, kuma da dala. Muka biya a dole, don cinikin sallah ba ya jira. Bayan sallah na zauna na bi abin daki-daki. Abin da na koya ne nake son in shimfiɗa a nan, domin ɗan'uwan da shafinsa ya fara girma, na shago ne, na makaranta ko na ƙungiya, kada ya biya kuɗin gaggawa irin wanda muka biya.

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Legas ya riga ya san rabin karatun. Shafinka tarin fayiloli ne da hotuna da rumbun bayanai, kuma dole su zauna a kan wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira sabar. Ba taka ba ce, haya kake yi. Wannan hayar ce masu sana'ar ke cewa hostin, ni kuma zan riƙa cewa masauki. Akwai mai gida, akwai kuɗin shekara, akwai maƙwabta, akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da ba a faɗa maka sai ka zo sa hannu.

Kafin komai, tabbatar sunan naka ne

Abu biyu kake biya wa kuɗi, ko da a rasit ɗaya suka zo: sunan shafin, wato adireshin da mutane ke rubutawa su same ka, da kuma masaukin. Masauki ana canza shi kamar yadda ake canza gida. Suna kuwa shi ne allon da kwastomomi suka haddace, idan ya kuɓuce maka sai ka faro daga farko.

Matsalar da na fi gani a wurin 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba ita ce, wani yaro mai basira ne ya haɗa musu shafin, ya yi rajistar komai da imel ɗinsa. Ba lallai da mugun nufi ba, sauri ne kawai. To amma yaron ya samu aiki a Abuja, ko ya canza layi, ko an samu saɓani, shi ke nan Alhaji ya zama baƙo a shagonsa. Saboda haka yau ɗin nan, tun kafin ka kalli farashin kowane kamfani, ka nemi abu uku: imel da kalmar sirrin asusun da aka sayi sunan, na asusun masaukin, da na shiga cikin shafin a matsayin mai gudanarwa. Ka shiga da hannunka ka gani. A mayar da imel ɗin naka, lambar wayar taka, sunan mai mallaka naka ko na kamfaninka kamar yadda yake a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Idan sunanka ya ƙare da .ng ko .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, ofishinta na Iponri a nan Legas, kuma tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince su sayar da sunayen. Da naira ake sabunta irin wannan suna, wanda sauƙi ne babba. Idan .com ne, ka sani ba a ɗauke suna daga wani kamfani zuwa wani a cikin kwana 60 na farko bayan an yi rajistarsa ko an ɗauko shi. Shawarata ita ce ka bar sunan a inda yake in dai wurin na da aminci, ka ɗauke masaukin kawai. Raba su ma ya fi, don ranar da kuka samu matsala da mai masauki ba zai riƙe maka suna ba.

Auna kayanka

Ba wanda ke ɗauko tirela don kwasar kayan ɗaki ɗaya. Yawancin masaukai masu arha suna ba ka allon sarrafawa mai suna cPanel, kuma a cikinsa za ka samu duk lambobin da kake buƙata. Ka ɗauki biro ka rubuta guda huɗu.

Na ɗaya, girman fayilolinka da rumbun bayananka gaba ɗaya. Na biyu, yawan datar da shafin ke turawa maziyarta a wata. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, sau nawa kake buga kanka da rufin ƙarfin da aka ba ka. Akwai wani sashe da aka rubuta wa Resource Usage, shi ke nuna ranakun da ƙwaƙwalwa ko ƙarfin aiki ya ƙare maka da kuma sa'ar da abin ya faru. Na huɗu, daga ina maziyartan suke shigowa, kuma da waya ko da kwamfuta. Awstats da ke cikin cPanel ko Google Analytics za su gaya maka.

Kada ka yi awo da rana mai sanyi. Abin da ke kayar da shafi shi ne sa'ar da mutane suka taru a lokaci guda, misali bayan ka sa talla a WhatsApp da Facebook da daddare, ko goman ƙarshe na azumi. Mutum 500 da suka bazu a cikin yini ba komai ba ne. Mutum 40 da suka danna "saya" a minti ɗaya su ne aiki.

Ga lissafin da ya buɗe min ido. A ce kowane shafi da aka buɗe yana da nauyin MB 3, kowane mai ziyara yana duba huɗu, kana samun mutum 500 a rana. Wannan GB 6 ke nan a rana, GB 180 a wata. Ka rage nauyin shafin zuwa MB 1, sai ya koma GB 60, kuma mutanen ba su ragu ko ɗaya ba.

Rage kaya kafin ka nemi babban ɗaki

A nan na fi son a daɗe, domin a nan kuɗin yake ɓoye. Da na binciki shafin yayana, sai na tarar yaran shago suna ɗaukar hoton shadda da waya su ɗora shi yadda yake, kowane hoto MB 4 ko 5, alhali a allon waya ba a buƙatar ko kashi ɗaya cikin ashirin na hakan. Muna biyan kuɗin ɗaukar dutse ne muna zaton zinare.

Fara da hotuna. Faɗin da bai wuce fiksel 1200 ba ya ishi hoton kaya. A matse shi da Squoosh ko TinyPNG, a mayar da shi nau'in WebP, sai ka ga hoton MB 4 ya dawo KB 150 ko ƙasa, kuma zaren shaddar na nan ana ganinsa tar. Ka koya wa duk mai ɗora hoto wannan, in ba haka ba wata uku za ka koma gidan jiya. Bidiyo kuwa kada ya kwana a masaukinka ko ɗaya. Ɗora shi a YouTube ka jawo shi cikin shafin.

Sai ajiyar shafukan da aka riga aka dafa. Idan WordPress, manhajar gina shafi, kake amfani da shi, kamar yadda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke yi, duk sanda mutum ya buɗe shafi sai sabar ta shiga rumbun bayanai ta harhaɗo shi daga tushe. Kamar mai tuwo ce da za ta hura wuta saboda kowane mai saye. Ƙaramar manhaja irin LiteSpeed Cache ko WP Super Cache tana ajiye dafaffen kwafi ta riƙa miƙawa. Kyauta ce, kuma ita kaɗai takan sauke wa sabar nauyi mai yawa. Bayan nan ka bi jerin ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin, duk wadda ba ka san aikinta ba ka tambaya, wadda ba a amfani da ita a goge ta gaba ɗaya.

Na ƙarshe, ka sa Cloudflare a gaban shafin. Suna da tsari na kyauta, kuma suna da sabobi a nan Legas. Abin da suke yi shi ne riƙe kwafin hotunanka da sauran fayilolin da ba sa canzawa kusa da mai ziyara, su kuma tare maka wani kaso na manhajojin da ke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Za ka yi mamakin yawan "maziyartan" da ba mutane ba ne.

Yi waɗannan, ka jira mako biyu, ka sake awo. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, ɗakin da kake ciki ya ishe ka wata shekara. Akwai kuma wata riba da ba ta fito a rasit: kwastomanka da ke lallaɓa datar naira ɗari biyu zai ji daɗin shafin da bai zuƙe masa ita ba.

Wane irin gida?

Idan bayan duk wannan har yanzu kana buga rufi, to tashi ya kama. Gidajen iri huɗu ne.

Masaukin haɗaka shi ne gidan da 'yan Legas ke kira fes-mi-ai-fes-yu. Sabar ɗaya, shafuka ɗaruruwa, famfo ɗaya, mita ɗaya. Shi ya fi arha, mai gida ke gyara komai, amma idan maƙwabci ya kunna abin da ya fi ƙarfin waya kowa zai ji a jikinsa. Kada a raina shi. Tsakanin ƙaramin tsari da babban tsari na haɗaka akwai tazara, kuma shafin shago mai matsakaicin ciniki zai iya zama lafiya a babban tsarin kamfani mai kyau. Abin tambaya shi ne ƙwaƙwalwa nawa aka ware maka, da ayyuka nawa aka yarda su gudana a lokaci guda.

Na biyu shi ne VPS, wato falat naka a cikin babban bene. An yanka maka ƙwaƙwalwa da ƙarfi naka na kanka, ƙofarka da mabuɗinka. Kamfanoni irin su DigitalOcean da Vultr da Hetzner suna ba da ƙanana daga wajen dala 5 ko 6 a wata, kuma wannan farashin ne ke jan mutane. Ga abin da ba a faɗa: a wannan kuɗin ɗaki ne fanko. Babu cPanel, babu mai sabunta maka tsaro, babu wanda zai tashi ƙarfe biyun dare idan abu ya tsaya. Lasisin cPanel kuɗinsa daban, kuma tun 2019 da suka koma caji bisa yawan asusu ya yi tsada har yakan fi hayar ƙaramar sabar ɗin kanta. Akwai alluna na kyauta kamar HestiaCP da CloudPanel, amma sai da wanda ya iya. Maganata a nan ba ta da kwana: idan ba ka da mutumin da ya san Linux, wato manhajar da sabar ke tafiya a kanta, wanda ka amince da shi kuma kake biyansa a kai a kai, kada ka karɓi VPS fanko. Nemi wanda kamfanin ke kula da shi da kansa, ko da ya fi tsada. Idan kuma za ka karɓa don shago mai kwandon saye irin WooCommerce, kada ka yi ƙasa da ƙwaƙwalwa GB 2.

Na uku su ne manyan dandamali irin AWS da Google Cloud, inda ake caji gwargwadon abin da ka sha, kamar mitar da ba ta kati ba. Suna da ƙarfi ƙwarai, amma mai ƙaramin jari bai san abin da zai tarar a ƙarshen wata ba. Na huɗu shi ne hayar sabar sukutum, gida guda naka kai kaɗai, kuma ranar da ka kai nan ba za ka buƙaci wannan rubutun ba.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tambayata ko zai sayo tsohuwar kwamfuta a Computer Village ya ajiye a shago ta zama sabar. Na ce masa ya lissafa man janareta na wata guda, da abin da zai faru ranar da aka ɗauke wuta yana masallaci.

Naira ko dala, Legas ko waje

Tambayoyi biyu ne daban, kodayake mutane na cakuɗa su.

Ta farko ita ce kuɗin da za ka biya da shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sabar dala 6 a wata, wato dala 72 a shekara, ta tashi daga kusan naira 33,000 zuwa 108,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ga kuma matsalar kati: a ƙarshen 2022 bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi tare da iyaka. Wanda katinsa ya ƙi wucewa ranar sabuntawa, shafinsa zai sauka ko da kuɗin na cikin asusunsa. Kamfanonin gida irin su QServers da SmartWeb suna karɓar naira ta tiransifa ko kati, kuma za ka iya kiran su a waya cikin lokacin aikinmu. Su ma sukan ƙara farashi, domin da yawa daga kayan aikinsu da dala suke biya, amma abin da ka biya na shekara ka biya, ka san inda ka tsaya. Ga ɗan kasuwar da cinikinsa da naira yake, ni na fi karkata ga biya da naira. Wanda ke da kwastomomin waje da asusun dala, lissafinsa daban.

Ta biyu ita ce inda sabar take a zahiri. Kasancewar kamfani ɗan Najeriya ba ya nufin sabarsa na Najeriya, da yawa suna hayar injina ne a Turai ko Amurka. Wannan ba laifi ba ne, amma haƙƙinka ne ka sani, don haka ka tambaya kai tsaye: a wane gari sabar take? Legas na da manyan cibiyoyin ajiye sabobi, kamar Rack Centre da ke Oregun a Ikeja, da cibiyar Equinix da ke Lekki, wadda a da ake kira MDXi, ta kamfanin MainOne wanda Equinix ya saya a 2022. Akwai kuma IXPN, mahaɗar da kamfanonin sadarwa na cikin gida ke musayar data ba tare da ta fita ƙasar ba. Idan sabarka na nan, saƙon mai ziyara daga Oshodi ba ya buƙatar ya ratsa teku ya dawo. Zuwa Landan da dawowa yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, Amurka ta fi haka, kuma shafi ɗaya yakan yi irin wannan zirga-zirgar sau da dama kafin ya gama buɗewa.

Mun ga amfanin kusanci ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar yammacin Afirka. Intanet ta yi ta jan ƙafa kwanaki, har manhajojin wasu bankuna suka ƙi aiki. Duk da haka ba zan ce wa kowa lallai sai Legas ba. Sabar cikin gida takan fi tsada saboda wuta da sanyaya ɗaki. Idan mafi yawan maziyartanka 'yan Najeriya ne kuma farashin bai yi nisa ba, zaɓi ta gida. Idan ya yi nisa, sabar Turai da Cloudflare a gabanta tana aiki lafiya ga shago. Turai ta fi Amurka kusa da mu, ka tuna da wannan idan an ba ka zaɓi.

Abu guda kuma: idan kana ajiye sunayen mutane da lambobinsu da adireshinsu, amana ce a wuyanka, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar NDPC mai kula da ita. Masaukin da ba shi da tsaro, komai arharsa, da bayanan mutane kake caca.

Lissafa kuɗin gaskiya

Farashin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a fuskar talla na shekarar farko ne. Kamar dillalin da ya ce maka ɗaki dubu ɗari uku, sai ka zo ka tarar da la'ada da kuɗin yarjejeniya da na jingina. Hausawa suka ce araha ba ta ado, amma a harkar masauki akwai arahar da ke ado, sai dai a shekara ta biyu ake gane ta.

Ɗauki takarda, ka ja layi uku don kamfanoni uku, ka cike wa kowanne waɗannan: kuɗin shekarar farko, kuɗin sabuntawa, kuɗin kwafin ajiya da na dawo da shi idan an buƙata, kuɗin takardar tsaro ta SSL wadda ke sa ɗan kwaɗo a gefen adireshi, kuɗin akwatunan imel, kuɗin kwaso maka kaya daga tsohon masauki, da harajin VAT na kashi 7.5. Sannan farashin tsari na gaba da naka, domin mai girma gobe zai sake hawa. Ka tara na shekara uku.

Ga misali da lambobin da na ɗora don a gane. Kamfani na ɗaya ya ce 20,000 a shekarar farko, sabuntawa 60,000, kwafin ajiya 12,000 a shekara, SSL 15,000 a shekara. Na biyu ya ce 45,000 kowace shekara, komai a ciki. A shekara uku na ɗaya ya ci 221,000, na biyu 135,000. A allon talla kuwa na ɗaya ne mai arha.

SSL ma bai kamata ka biya ba. Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, yana sabunta kansa, kuma masaukai nagari suna kunna shi da dannawa ɗaya. Kalmar "mara iyaka" da ake rubutawa a talla ita ma ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinta. Za ka tarar an iyakance yawan fayiloli ko ƙarfin aiki, kuma shago mai hotuna dubbai yakan cika adadin fayilolin tun wurin bai cika ba. Alƙawarin kashi 99.9 na zama a kunne yana nufin shafin zai iya sauka kusan minti 43 a wata. Kashi 99 kuwa sama da awa 7 ne a wata. Tazarar ba ƙarama ba ce idan awannin sun faɗo daren jajibere.

Gwada kafin ka ɗaure kanka

Za a yi maka tayin ragi idan ka biya na shekara uku a dunƙule. Kada ka karɓa a karon farko. Biya na wata ɗaya ko uku, sai an gwada akan san na ƙwarai. Tun kafin ka biya ma, aika wa sashen taimakonsu tambaya ta gaske da misalin ƙarfe goma na dare ko ranar Lahadi, ka ga minti nawa za su ɗauka, kuma mutum ne ya karanta tambayarka ya amsa ko amsar gwangwani aka turo. Tambaye su sau nawa suke ɗaukar kwafin ajiya, na kwana nawa suke riƙewa, da sharaɗin mayar da kuɗi. Ka ajiye amsar a rubuce.

Ɗora kwafin shafin a can, ka haɗa shi da UptimeRobot, wanda a tsarinsa na kyauta yake leƙa shafin duk minti biyar ya aiko maka saƙo idan ya faɗi. Sannan ka buɗe shi da ƙaramar waya irin ta kwastomominka, a layin MTN da Airtel da Glo, da yamma lokacin cunkoso. Ka roƙi wani a Kano ko Sakkwato ya gwada daga can.

Ranar tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka tashi a cikin azumi idan tufafi kake sayarwa, ko lokacin ɗaukar ɗalibai idan makaranta ce. Zaɓi makon da kasuwa ta lafa, kuma ya zama saura aƙalla mako uku hayar tsohon masaukin ta ƙare.

Kwana biyu kafin ranar, shiga inda ake sarrafa DNS na sunanka, wato littafin da ke gaya wa duniya a wace sabar shafinka yake. Akwai lamba mai suna TTL, ita ke faɗin tsawon lokacin da za a riƙe tsohon adireshi kafin a sake tambaya. Mayar da ita daƙiƙa 300, don idan ka juya akala duniya ta bi ka cikin mintuna.

Ɗauki cikakken kwafi, fayiloli da rumbun bayanai, ka sauke shi a kwamfutarka. Idan daga cPanel zuwa cPanel ne, sabon kamfanin yakan kwaso maka da kansa, da yawa kyauta. Idan da hannunka za ka yi a WordPress, Duplicator ko UpdraftPlus za su yi aikin. Bayan an ɗora, kada ka juya suna tukuna. Nemi kamfanin ya ba ka adireshin wucin gadi ka zagaya gidan ɗaki-ɗaki.

A nan akwai abin da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa, wanda ma'aikacin kamfanin ba zai lura da shi ba. Duba haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Idan aka kwashe rumbun bayanai da tsarin haruffan da bai dace ba, sai ka ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki", ko alamar tambaya ta maye gurbinsu. Idan ka ga haka kada ka fara gyara da hannu. A sake fitar da rumbun daga tsohon masauki a sake shigar da shi da tsarin utf8mb4. Muddin tsohon gidan na nan, gyaran na minti goma ne. Idan an riga an rufe shi, aikin makonni ne.

Sai imel. Idan akwatunanka na kan tsohon masaukin, a buɗe irinsu a sabon, a kwaso tsofaffin saƙonni, a tabbatar bayanan MX, waɗanda ke faɗin inda za a kai imel ɗinka, suna nuna inda ya dace. Mutane da yawa sukan yi murnar shafi ya dawo, sai bayan mako su gane saƙonnin oda suna faɗawa rami. Wanda ya koma VPS ya sani kamfanoni da yawa suna toshe hanyar aika imel kai tsaye daga sabar, don haka gara ka kai imel ɗinka wurin masu wannan sana'ar kamar Zoho Mail ko Google Workspace.

A daren tashin, bayan sha biyu lokacin da oda ta tsaya, rufe karɓar oda na ɗan lokaci, ɗauki sabon kwafin rumbun bayanai don kada odar yamma ta ɓata a hanya, shigar da shi a sabon masauki, sannan ka juya DNS. Da ya kama, tabbatar kwaɗon SSL ya fito, ka sayi wani ƙaramin abu da katinka ta Paystack ko Flutterwave, duk wanda kake amfani da shi, ka ga kuɗin ya shiga, odar ta bayyana, saƙo ya iso. Daga nan ka buɗe shago.

Bar tsohon masaukin a kunne mako biyu kafin ka sallame shi, kuma kada ka manta ka kashe cirar kuɗi ta kai-tsaye da ke kan katinka a can. A makon farko ka saita kwafin ajiya ya riƙa tafiya wani wuri da ba na mai masaukinka ba. Google Drive na ba da GB 15 kyauta, ya ishi yawancin shafukan da aka matse hotunansu. Sau ɗaya a wata uku ka ɗauki kwafin ka gwada dawo da shi a wani gefe, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana buɗewa ba.

Ranakun sabunta suna da na masauki kuwa, ka sa su a kalandar wayarka da tunatarwa wata guda kafin lokaci, ka sa a wayar wani amintacce ma. Na yayana na rubuta masa su da alƙalamin maka a jikin bangon shago, kusa da lambar mita, inda yake kallo duk safiya idan ya zo buɗe ƙofa.